Shekarar da Muka Sauki Baƙi a Kan Mangwaro

Azumin da nake nufi ya faɗo ne bayan an tashe mu daga tsohon Zongo da shekara goma da 'yan kai. An riga an koro mutanen Gana daga Najeriya, mun gan su sun cika bakin teku da ƙullin kayansu. Amma ba a kai ga dogon yajin aikin nan da ya watsa Lome ba, kuɗinmu sefa ma tana da sauran ƙarfinta. Ina goyon Sani, wanda yanzu furfura ta fara kama masa gemu. Ku lissafa da kanku, ni ban yi lakwal ba, wato boko, da goyo nake ƙirga shekara.

Abin da ya tuno mini shi ne azumin bana, da ya sake zagayowa tsakiyar zafi. Jikokina suna kwance gaban fanka suna ta kukan zafi da Faransanci, "il fait chaud, il fait chaud", kamar a kansu aka fara rana. Da an sha ruwa sai a buɗe firigo a ciro mangwaro mai sanyi, a sha, a jefar da ƙwallon da rabin nama a jiki. Ba su san wannan bishiya da ke tsakar gida ta taɓa kwana da gatari a gindinta ba.

Bishiyar tawa ce, ni Adama mai koko. Ranar da katafila ta shigo tsohon Zongo, kowa abin da ya fi masa daraja ya ɗauka: wani ƙyaure, wani kwanon rufi, wata gadon ƙarfe. Ni na ruga gidan mahaifiyata, wadda ba ta daɗe da rasuwa ba. Akwai babban mangwaro a gidan, a inuwarsa ta koya mini dama koko. A bakin randa, inda ruwa ke zuba, wani ƙwallo ya tsiro da ganye huɗu. Na tone shi da ludayi na sa a gwangwanin tumatir, na rungume shi a cinya cikin babbar motar da ta kawo mu nan. Mata suna dariya, wai an rushe gari Adama ta tsira da ciyawa. Sabon Zongo a lokacin jar ƙasa ce da rana, ba inuwar da akuya za ta fake. Na dasa shi a gidan surukina, na kewaye da ƙaya, ina ba shi ruwan wankin gero. Shekara goma sai ga bishiya. Masu dariyar nan a ƙarƙashinta suke layin koko.

Surukina, Baba Alhaji, mai gida ne irin na da. Fataken goro da na shanu idan sun iso Lome a wurinsa suke sauka. Ya ba su ɗaki, a ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki, idan sun yi laifi shi ake kira. A bakin bishiyata yake shimfiɗa buzunsa ya karɓi baƙi.

Sai farin ƙwaro ya zo. Ba mu san shi ba, iyayenmu ba su san shi ba. An ce daga ƙetaren teku ya shigo, a jikin furannin ado. Mu dai mun wayi gari bayan ganye ya yi fari kamar an barbaɗa auduga. Ba ya tashi, ba ya cizo, yana dai manne yana tsotso, yana zubo da wani ruwa mai danƙo da zaƙi. Ruwan ya sauka a ganyen ƙasa, ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar kunkunniya. Fure ya zube. Daga unguwar Tokoin har ta Bè ba mangwaron da ya tsira, lemo ma haka, har ayaba. Mutane suka fara sarewa. Kana tafe a titi sai ka ga kututture inda jiya ka sha inuwa.

Azumi ya kama mu a haka. Zafin Lome ba irin na arewa ba ne, jiƙaƙƙe ne, zane ya manne maka a baya tun hantsi. Hadari ya haɗu ta wajen teku ya yi baƙi, mu fitar da bokitai, ya watse. Ga tsakar gida ta zama tarko. Ka taka, silifa ya tsaya ƙafa ta wuce. Kaji suna yawo da yashi manne a ƙafa kamar sun sa takalmi. Ƙudaje kuwa, sai na rufe tukunyar koko da faifai biyu. Shan ruwa ba mangwaro, ba lemo. Koko da ƙosai, sai gari da sukari ga wanda bai ƙoshi ba.

Ba zama muka yi ba. Matan layinmu muka haɗu, kowace da soso da sabulun salo, muka ɗaura tsumma a gora muna wanke ganye kamar masu wankan jego. Ana jan ruwa a rijiya ana miƙowa, bakinmu a bushe, kumfa na zubo mana a ido. Muka watsa toka, muka watsa ruwan darbejiya, muka yi hayaƙin barkono har liman ya aiko a tambaya ko gobara ce. Kwana kaɗan ƙwaron ya dawo, ya fi da yawa.

Abin da ya jawo hukunci ɗigo ɗaya ne. Bayan azahar Baba Alhaji ya kishingiɗa a buzunsa, barci ya ɗauke shi baki buɗe. Ruwan zaƙin nan ya ɗigo masa a harshe. Ya zabura yana tofarwa yana salati, gemu duk danƙo, ya aika wurin liman a tambayo ko azuminsa na nan. Liman ya ce yana nan, tunda ba da gangan ba ne, amma wanda ya sake kwanciya a wurin baki buɗe, shi ya sani. Maganar ta zaga Zongo kafin la'asar. Abokansa suna wucewa suna cewa, "Alhaji, an sha ruwa lafiya?"

Da yamma ya kira Hamani, wani Bazabarme mai saran itace, ya ce bayan Sallah a sare ta, itacen nasa ne. Ina durƙushe gaban murhu na ji. Matar ɗa ba ta musu da suruki. Na ci gaba da juya ƙosai, amma a ranar na ƙona kasko guda, abin da ban taɓa yi ba.

Hamani kuwa ya samu abin wasa. Kullum ya zo ya jingina gatarinsa a gindin bishiyar, ya auna kaurinta da hannu.

"Mai koko, wannan za ta yi gawayi mai kyau. In ajiye miki buhu?"

"Ajiye wa kanka, Bazabarme, ka gasa ƙafarka."

Ina da ƙawa, ana ce mata Da Afi, 'yar ƙabilar Mina ce mai sayar da busasshen kifi, tun tsohon Zongo muke tare. Ta same ni ina share hawaye da bakin zane, na ce hayaƙi ne.

"Hayaƙin gidanku," in ji ta. "Tashi, novi, 'yar'uwata. Ƙanena Kosi yana aiki da mutanen gona na gwamnati. Wai sun kawo wani ƙwaro da ke cin wannan. Suna neman itatuwan da ba a sare ba su saka shi."

"A kawo ƙwaro a kan ƙwaro?"

"To zauna a kawo gatari."

Washegari na goya Sani muka shiga mota har ofishinsu. Kosi, wanda ake ce wa Fo Kosi, siriri ne, mai tabarau, Hausarsa ta kasuwa ce, sai muka yi yaren Mina. Ya nuna mini kwalba siririya kamar ta allura, bakinta toshe da auduga. Na duba ban ga komai ba. Ya ɗaga ta wajen haske, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo suna motsi, ba su kai ƙwayar riɗi ba. Ya ce 'yan zanzaro ne, daga Indiya aka kawo su, can inda farin ƙwaron ya fito. Uwar tana saka ƙwai a cikin jikinsa, ɗan ya cinye shi ta ciki ya fito. Amma ba aikin kwana biyu ba ne, sai an yi watanni. Kuma sharaɗi: ba sara, ba feshi, ba hayaƙi.

Watanni, ga Sallah saura kwanaki. A mota ina ta juya abin, har dabara ta zo mini daidai inda ake sauke shanu.

Ranar da Fo Kosi ya zo, na jira sai da dattawa suka taru wurin Baba Alhaji bayan la'asar, can gefen zaure inda suka koma don gudun ɗigo. Na zuba goro a faranti na rufe da farin ƙyalle, yadda ake yi idan an kawo baƙo neman masauki. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, baƙi na kawo. Sun zo daga nesa, ba su san kowa a garin nan ba."

Fo Kosi ya ajiye kwalbar a kan buzu. Baba Alhaji ya dube ta, ya dube ni. Ya gane sarai, ba yaro ba ne. Na ga gemunsa na rawa, yana danne dariya. Sai ya gyara zama, ya yi fuskar da yake yi wa fatake.

"Daga ina?"

"Indiya, Alaji," in ji Fo Kosi.

"Sana'a?"

"Farauta."

"Kwana nawa za su yi?"

"Ba su da ranar komawa."

Wani dattijo ya ce a tambaya ko suna azumi. Wani ya ce matafiya ne, an ɗauke musu. Aka kwashe da dariya. Hamani na tsaye da gatarinsa, shi kaɗai bai yi ba.

"Wane ɗaki suke so, uwar Sani?"

Na nuna bishiyar da ido.

Baba Alhaji ya ɗaga kai ya dube ta. Dariya ta lafa. Ya ɗauki goro ɗaya yana juyawa a hannu, ya ce, "Tun ina saurayi nake saukar baƙi, ban taɓa cewa wani babu wuri ba. Kuma an taɓa rushe mana gida muna ciki, mun san yadda yake." Ya juya ga Hamani. "Ka ji. Ina da baƙi a sama. Sai Layya. In sun yi aiki, sun zauna. In ba su yi ba, da itacen za a soya naman ragona."

Fo Kosi ya hau tsani ya cire audugar. Ba mu ga fitarsu ba. Muka dai ce musu sannu da zuwa.

Daga nan wahalata ta fara. Ba hayaƙi, don haka na kwashe murhuna daga inuwa na koma bakin titi, inda ba ko ganye. Sauran azumin nan a tsakiyar rana na yi shi. Tun azahar ina wanke wake, a kai niƙa, in buga ƙullu har kafaɗa ta mutu. La'asar in hura wuta. Rana a ka, wuta a gaba, Sani a baya kamar an ɗaura mini dutsen guga. Ƙanshin ƙosai yana shiga hanci, miyau babu balle a haɗiye. Manyan motocin arewa suna wucewa suna busa mini iska mai zafi. Matan layi suka riƙa karɓar Sani, wata ta kawo tsohon buhu muka kafa rumfa. Idan aka kira magariba na kai kofin ruwan randa baki, har kunnena nake jin saukarsa.

To, a gidan Baba Alhaji ba a taɓa sauke baƙo an bar shi da yunwa ba. Daren farko da aka jera kwanuka, ya ce cikin wasa, "An kai wa na sama nasu?" Aka yi dariya. Amma ni na ɗauki maganar. Ni na kawo su, a bakina za a ji idan an ce an wulaƙanta su. Na tambayi Da Afi me Kosi ke ba su a ofis, ta ce ta ga yana ɗiga musu zuma. Shi ke nan. Na jiƙa sukari a murfin kwano na ajiye a gindin bishiya. Maƙwabciya ta gani ta kawo dabino. Wata ta ce ita ba za a fi ta ba, ta kawo zuma cokali guda, a shekarar da yaranta ba su ga zuma ba. Kafin Sallah gindin bishiyar ya zama kamar gidan suna. Da safe mu tarar an lashe tas, mu ce baƙin nan akwai ci, masha Allah.

Bayan Sallah Fo Kosi ya dawo dubawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗora hannu biyu a ka.

"Mawu! Wayyo Allah! Maman, mene ne wannan?"

"Abincin baƙi."

"Wane baƙi? Dubi jikin itacen!"

Na duba. Tururuwa da kiyashi, layi-layi, masu hawa da masu sauka, kamar kasuwar Asigame ranar jajibere. Ya ce su ne suka cinye sukarin, kuma mun kira su daga duk unguwa. Tururuwa tana kiwon farin ƙwaron nan ne yadda Bafulatani ke kiwon saniya, tana shan zaƙinsa tana tsaronsa. Duk ɗan zanzaron da ya matso, ta kore shi.

"Wato dogarai muka ɗaukar wa ɓarawo," in ji Baba Alhaji daga zaure.

Hamani ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Mai koko, ƙara musu madara!"

Ni dai har gobe ban ce mun yi laifi ba. Da Fo Kosi ya faɗi sharaɗi huɗu, da huɗu muka kiyaye. Uku ya faɗa. Wa zai zo Zongo da baƙo ya zaci ba za a ba shi abinci ba?

A ranar muka kwashe kwanuka, muka wanke gindin da ruwan zafi, muka zuba toka ta kewaye shi. Fo Kosi ya ɗaura tsumma a jikin itacen ya shafe da baƙin man mota, duk tururuwar da ta hau ta maƙale. Saura rassan da suka taɓa katanga da rufin kwano, ta nan ma suke hawa. Wa zai sare su? Hamani. Ya hau yana gunaguni, wai an kira shi yankan sa an ba shi yankan farce. Amma ya yi aikin da kyau, ban hana shi wannan ba. Fo Kosi ya sake kawo kwalba ɗaya, ya ce ita ce ta ƙarshe da zai iya ba mu, wasu unguwanni na jira.

Sai ruwa ya sauka, irin na Lome da ba ya sallama. Kwanon rufi na ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Kogin Zio ya cika, kwaɗi suka hana mu sakat, jar laka har idon sawu. Ruwan da ke zubowa daga bishiyar baƙi ne kamar rini. Kullum da safe in sabunta toka, in ɗaga kai. Baƙin ganye, farin ƙwaro. Ban ga baƙo ko ɗaya ba. Wata rana na tsaya a gindin na ce musu da Hausa, na maimaita da Mina, "Ku ji tsoron Allah, kada ku kunyata ni."

Watan Layya ya tsaya. Aka ɗaure ragon Baba Alhaji a gindin bishiyar. Hamani ya zo da dutsen wasa gatari ya zauna inda zan gan shi, yana wasawa yana waƙar Zabarmanci.

Ana jibi Sallah na fito da tsintsiya, sai na ji ƙafata ba ta manne ba. Na sake takawa. Ƙasa ce kawai. Na ɗaga kai, ga sabon toho a bakin rassa, ja-ja, laushi kamar kunnen ɗan akuya, ba ɗigon fari a jiki. Ban yi guɗa ba, don kada a ce na yi gaggawa. Na aika wa Da Afi ta turo ƙanenta.

Fo Kosi ya tsinko tsohon ganye ya kai wa Baba Alhaji, ya ba shi gilashin da ke ƙara girman abu. Farin ƙwaron na nan, amma ya bushe, ya zama kwanso, kowanne da 'yar huda a baya.

"Wannan ramin fa?"

"Ta nan ɗan ya fita, Alaji. Waɗanda ke sama yanzu a gidanka aka haife su."

Baba Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa Hamani gilashin, shi ma ya duba, ya ce shi bai ga komai ba, alhali ya gani.

"Hamani, nemo itace a wani wuri. Waɗanda aka haifa a gidana ba baƙi ba ne kuma, 'yan gida ne." Ya dube ni. "Uwar Sani, ke kika kawo su, ke ce mai gidansu. Abin da suka yi, ke za a kira."

A nan na yi guɗar. Har bakin titi aka ji.

Azumin da ya biyo baya da mangwaro muka sha ruwa, mu da duk layin. Daga bishiyata baƙin suka bazu, itatuwan da suka rage a unguwa suka farfaɗo. Waɗanda suka sare nasu suka zo roƙon ƙwallo, na ba su, kallo kawai na yi musu. Mangwaron farko da ya nuna na kai wa Baba Alhaji. Na biyu na aika wa Hamani, na ce a gaya masa ga gawayinsa.

Baba Alhaji ya rasu kafin yajin aikin nan, Allah ya jiƙansa. Liman ya bi shi. Fo Kosi ma ya tafi, shekarun baya, na je gaisuwa har Kégué da kwandon mangwaro. Matan da muka wanke ganye tare duk sun riga ni. Saura Da Afi, tana Bè wurin 'yarta, ba haƙori, sai an matse mata ruwan a kofi. Saura Hamani, idonsa ya tafi, kowace Juma'a ana kawo shi ya zauna a inuwar, ya shafa jikin itacen ya ce har yanzu za ta yi gawayi mai kyau. Saura ni.

Sai kuma baƙina na sama. Ban taɓa ganinsu da idona a kan reshe ba, amma duk shekara ina tsinko ganye in shafa, in ji 'yan kwanson nan busassu, in san suna nan. Shi ya sa ranar da Sani ya shigo da gwangwanin feshin sauro ya nufi tsakar gida, na ce ya tsaya daga nan. Ina da mutane a sama, kuma ni za a kira.